Tamul ɗin da Dimbeswar Ya Karɓa

Hiren Borah ne ya kashe tsoho Dimbeswar. Ba wuƙa, ba sanda. Da farantin tagulla ya kashe shi, da rana tsaka, ina shanya kaya ina kallo ta kan danga.

Shekara talatin muna maƙwabtaka da tsohon. Kafinta ne, matarsa ta rasu, ƙirjinsa kuma ya lalace tun da kamfani ya kafa injin haƙar mai a bayan layinmu, taku arba'in daga madafarsa. Ruwan famfo ya koma warin kananzir. Da aka ce za a ƙara rijiyar mai ta biyu, shi ya fara shimfiɗa tabarma a kan titi ya tare manyan motoci, muka bi bayansa. Kwana goma sha biyu ko ƙusa ba ta shiga ba.

Sai ga Hiren, ɗan unguwar nan da ya samu kujera a kamfani. Ya cire takalmi, ya durƙusa a tsakar gidan tsoho, ya ɗaga faranti da goron tamul da ganyensa, an lulluɓe da farin ƙyalle mai jan baki. Wai gafara ya zo nema saboda ƙarar injin.

"Kaka, ba kamfani ba ne a gabanka, jikanka ne. Ba zan tashi ba sai ka karɓa."

Duk wanda aka haifa a Assam ya san babba ba ya barin na ƙasa da shi durƙushe da tamul a hannu. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya dafa masa kai. Ashe akwai mai ɗaukar hoto a bakin ƙofa.

Washegari hoton na rataye a shingen kamfani, ya fi tsayin mutum. Masu karatu suka ce an rubuta dattijon unguwa ya sa albarka. Tabarmi suka watse, motoci suka shiga.

Mutanenmu kuwa ba su je wa Hiren ba, tsoho suka samu. Aka riƙa tofa jan yawun tamul a ƙofarsa. Dattawan ɗakin addu'a suka ɗauke tabarmarsa. Junu mai shayi, wadda shi ya ƙera mata benci kyauta, ta ɗaga murya ran da ya fito neman magani:

"Kaka, na kamfani ya fi namu daɗi ne? Ɗan sam mana, ko ka haɗiye duka?"

Ni ma kwana tara ban leƙa shi ba, ba zan ɓoye ba. Na goma na kai masa kunun shinkafa, na tarar da shi zaune ya jingina da bango, don kwanciya ba ta barinsa numfashi. Kofi yana rawa a kan tebur saboda injin. Bai sha ba. Ya ce in rufe taga, can kuma ya ce in buɗe. Sai ya kira sunana:

"Tilo, da barinsa zan yi a durƙushe?"

"Da ka bar shi har gwiwarsa ta ruɓe," na ce.

Ita ce maganata ta ƙarshe gare shi. Kafin la'asar ya cika.

Kafaɗa huɗu gawa ke buƙata zuwa bakin kogi, inda muke ƙona mamatanmu. Na bi gida goma sha ɗaya, kowane namiji yana da ciwon baya. Daga ƙarshe kamfani ya aiko mota, aka kwantar da shi tsakanin bututai biyu, wasu baƙi suka cinna masa wuta.

Yanzu kullum da safe ina zaune a matakalar ɗakin addu'a, inda dole dattawa su tsallake ƙafafuna. Gashinsu fari, tokar hayaƙin injin kamfani na sauka a kai. Abin da nake jira shi ne a kira Hiren nan, a gaban kowa, ya faɗi wanda ya gayyato mai hoton. In ya gama, su ma su tsaya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna mini inda bayansa ke ciwo.