Ƙullin da Baba Bai Kwance Ba

Babana, Filibus Nomau, bai iya karatu ba, don haka a jikin igiya yake ajiye zunubansa. 'Yar igiyar rama ce da ya tufka da hannunsa, kullum tana cikin aljihun taguwarsa. In ya zagi mai shanun da suka shigar masa gona, ƙulli ɗaya. In ya sha ya wuce kima ranar kasuwar Kibiya, wani ƙullin. Mu 'yan Katolika ne, gida bakwai kacal a ƙauyenmu da ke bayan Kahu, kuma sau ɗaya a wata Fada Dominik yake zuwa mana daga wajen Rano. Ranar da ya zo, Baba zai durƙusa a gindin ɗorawar da ke bayan coci, ya riƙa furta zunuban yana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo gida yana fito.

Amma akwai ƙulli guda a can ƙarshen igiyar da ban taɓa ganin an kwance ba. Ya yi baƙi, ya taurare kamar ƙwallon goruba. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, wannan kuma sai Fafaroma ya zo da kansa?" Bai yi dariya ba, ni ma ban ƙara ba.

A daminar shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. Muka kai shi asibiti a Rano, suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce mu koma gida. Ni kaɗai ce a kansa, don Inna ta daɗe da rasuwa, yayyena maza kuma suna can Kaduna. Mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron maciji ba, sai ga shi yana rawar jiki a kan tabarma. Mutuwar kanta ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne ta riga Fada isowa.

"Sisiliya, saura kwana nawa Fada ya zo?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Ba zan kai ba," in ji shi, ya damƙe igiyar.

Lokacin babu waya a hannun kowa. Mai babur ɗaya na sani da zai iya ratsa taɓon hanyar, shi ne Baffa Hammadu, ƙanen Baba, mai sayar da albasa a Kahu. Da can sunansa Jatau. Tun ina ƙarama ya musulunta, kuma tun daga nan Baba ya daina cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Shekara goma sha tara in sun haɗu a kasuwa sai gaisuwar fatar baki, kuma Baba bai taɓa yarda ya kira shi da sabon sunansa ba. Taurin kai dai a gidanmu gado ne, ni ma na samu rabona.

Da sassafe ranar Alhamis na bar Baba yana barci, na taka zuwa Kahu ban gaya masa ba, don na san zai hana. Na tarar da Baffa yana ɗaure buhu. Na yi tsammanin zai yi nauyin jiki, saboda a shekarar nan Musulmi ya goyo Fada a babur ya ratsa Rano da shi, ba ƙaramin abin magana ba ne. Ya saurare ni har na gama, ya kwance buhun daga kan babur.

"Bari in fara leƙa Yaya tukuna," in ji shi.

"Baffa, ba leƙe yake bukata ba, Fada yake bukata. Ka tafi kawai."

Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. Ya dube ni, ya buga babur ya kama hanyar Rano.

Ina isa gida hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa har hantsi ya wuce. Da azahar numfashin Baba ya canza. Ya buɗe ido ya dubi ƙofa.

"Ki kira min Hammadu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Wa, Baba?"

"Hammadu. Ƙanena."

Na gaya masa na aike shi ɗauko Fada, ina jiran ya yi murna. Sai hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. Ya ɗago igiyar, ya nuna min baƙin ƙullin.

"Nasa ne wannan. Ranar da uwarmu ta rasu, ni na hana a aika masa. Na ce ya zaɓi mutanensa. Muka binne ta yana Kahu yana sayar da albasa, sai a bakin 'yan kasuwa ya ji. Kunya ta hana ni gaya wa Fada. Duk wata in durƙusa in faɗi na shanu da na giya, in ɓoye wannan, in tashi in karɓi gurasa mai tsarki, Jikin Ubangiji. Kin san abin da aka koya mana game da mai ɓoyewa."

Na sani. An koya mana cewa wanda ya ɓoye babban zunubi a gaban Fada, sauran ma ba a gafarta masa ba. Raina ya ɓaci, da shi da kuma kaina. Mutum biyu yake bukata a duniya, ga su duka a bayan rafin hanyar Rano, kuma ni na tura ɗayan.

"Baba, ni ba Fada ba ce. Ba ni da ikon kwance maka."

"Na sani. To in ba su iso ba fa?"

Ban san tauhidi ba, aji huɗu na tsaya. Abin da ya zo min kawai na faɗa. Na ce, "Ka tuna ranar da na fasa tulun Inna na ɓuya a bayan rumbu? Kai ka zo nemana. Ban ce komai ba tukuna, ka ɗaga ƙafata kana duba ko na yanke. Kai ke nan, mai baƙin taurin kai. Kana ganin ka fi Allah tausayi?"

Sai ya ce in ja masa addu'ar tuba. Ina faɗa yana maimaitawa, har muka zo ƙarshe, ya ƙara da nasa: "Yesu, ka ji ƙaina, ba ni da kowa a bakin ƙofar nan sai kai." Ya sa farce a ƙullin yana ƙoƙari, yatsun ba ƙarfi. A haka ya cika, igiyar tana hannunsa.

Bayan la'asar na ji ƙarar babur. Baffa da Fada suka shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Rafi ne ya cika ya tsare su, sai da ruwa ya ja suka tura babur ɗin suka haye. Fada ya durƙusa ya yi wa Baba addu'a. Na gaya masa komai, na tambaye shi ko Babana ya hallaka.

"Ya yi nadama, ya nemi furtawa, ruwa ya hana," in ji Fada. "Ni rafi ya tsare, Sisiliya. Ban ji an ce ya taɓa tsare Allah ba."

Na so in gamsu nan take, amma zuciya ba ta saurin haka. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji duk abin da na faɗa. Ya matso ya tsuguna kusa da kan yayansa.

"Ya neme ni?"

"Ya neme ka, Baffa. Ni na hana ka shigowa."

"Da wane suna?"

"Hammadu."

Ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe a haka. Sannan ya zare igiyar daga hannun Baba a hankali. Ya gwada da farce, ƙullin ya ƙi. Ya sa haƙori ya yi ta ja har ya saki.

"Na yafe tun shekarar, Yaya," in ji shi. "Jira nake ka tambaya."

Shi ya fara sara kabarin washegari, ya tsaya a gefe har muka gama addu'o'inmu. Igiyar tana wurina yanzu, cikin kwanon da nake ajiye rosarina, carbin addu'ata. Babu ƙulli ko ɗaya a jikinta, amma wurin nan na ƙarshe ya ƙi miƙewa har yau.