Fuskar Umenojo

Da almuru aka fara jin ƙarar a lungunmu na unguwar Asakusa: dum, sai shiru, sai kuma dum, kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Mohachi masassaƙin allunan katako na buga hoto ya ajiye wuƙarsa ya leƙa ɗakin maƙwabcinsa. Tsoho Umenojo ne, wanda a da yake fitowa a matsayin mace a gidan wasa, yana dira diddige a ƙasa, yana rawar zalɓe da tsintsiya a maimakon laima. Yanar ido ta fara rufe masa gani.

Umenojo ya ce jikarsa ba ta yarda ya taɓa yin kyau ba, hotonsa guda ɗaya kuma gobarar bara ta cinye. Ai allon da aka buga hoton da shi yana wajen Mohachi, ya buga masa ko ɗaya ne.

"Kafin idon ya ƙarasa mutuwa, ɗan tsohon ɓera."

Allon yana nan. Sai dai shekara ashirin ke nan da wani saurayi ya yi tashe a gidan wasa, mai shagon sayar da hotunan ya ce ba lokacin sabon sassaƙa, a yi abin da aka saba. Mohachi ya ƙwaƙule kan Umenojo, ya cusa guntun katako a gurbin, ya sassaƙa fuskar saurayin. Riga da laima da dusar ƙanƙara duk suka zauna yadda suke. Tsohuwar fuskar kuwa, wadda ba ta fi babban yatsa ba, ya jefa ta a kasko ya ɗumama shayi. Tun ranar kullum shi da Umenojo suna gaisawa a bakin rijiya, bai taɓa faɗa masa ba.

Kwana uku yana ƙoƙarin tuno fuskar ya maido ta. Ido ya zo masa, baki ya ƙi. A na huɗu ya shafa tawada ya buga allon yadda yake.

Umenojo ya kai takardar dab da hancinsa, ya daɗe. Jikar tana leƙe ta kafaɗarsa.

"Kin gani, marar kunya? Haka nake."

Mohachi ya ce haka ne, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

Otane mai awara, wadda ta sha kallon rawar a ƙuruciyarta, ta goge hannu ta karɓa. Ta dubi hoton, ta dubi tsohon, sannan ta sa farce a kan wani farin layi siriri inda guntun ya haɗu da allo.

"Baba Umenojo, wannan zaren da ya zagaye maka wuya fa, na mene ne?"