Jinin Mai Tabarau

Kishi kala-kala ne, amma a ce namiji da gemunsa ya zauna yana kishin jinin wani ƙato, wannan kam sai makanike.

Matarsa tana karatun digiri na biyu a fannin gwajin jini. Shi da kansa ya ce ta koma makaranta, shi ke kai ta yana ɗauko ta, har yana cika wa abokansa na gareji baki. Abin ya fara lalacewa ne ranar da ta yi masa bayanin aikinta. Duk sa'ad da za ta auna jinin marasa lafiya, dole ta ajiye na lafiyayye a gefe don ta ga inda suka bambanta. Ɗalibai kuwa ba su da wani lafiyayye da ya wuce junansu. Nata lafiyayyen wani ɗan ajinsu ne mai tabarau, shi ke naɗe hannun riga ya miƙa mata.

"Abban yara, da ka ga jininsa!" ta ce tana zuba masa abinci. "Jajayen ƙwayoyin nan kamar an zana su, babu wadda ta fi wata. Wallahi ban gajiya da kallo."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Duk zamansu bai taɓa jin ta yabi wani abu nasa da wannan muryar ba.

"To ni fa? Ruwan famfo ne a jikina?"

Ta tuntsire da dariya. "Kai da ko allurar yara ba ka iya tsayawa ka gani?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya fi jin zafi. Mutumin da ke kwanciya ƙarƙashin tirela hankali kwance, da ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu. Daga ranar ya rasa sukuni. Yana kwance noti yana hango ta riƙe da hannun Mai Tabarau, tana ɗan bubbuga masa jijiya, tana danna masa auduga, ƙila har da sannu. Sannu fa! Ya tsani tabarau, ya tsani masu sa shi, har wani bawan Allah da ya kawo gyaran birki ya sha faɗan da bai san dalilinsa ba.

Ranar da ya kasa daurewa, ya wanke hannu da fetur da sabulu, ya sa farar riga, ya hau benen makarantar maimakon ya jira a mota. Ɗakin gwajin sanyi ƙalau, ga warin sinadari, ga wani inji yana juya kwalabe a hankali. Mai Tabarau ya taso da fara'a.

"Yallaɓai, sannu da zuwa. Kullum sai mun ji labarinka."

Makanike ya ba shi yatsu biyu ya janye. Ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Maman yara, daga yau nawa za ki riƙa ɗiba."

Ta dube shi, ta gane, ta danne dariyarta don kada ta kunyata shi a gaban mutane. Ta ɗaure masa dantse. Ya kafa ido a silin yana karanto duk addu'ar da ya sani, gumi na bin ƙeyarsa. Kafin ya ankara har ta gama. Ta ɗiga jinin a kan ɗan fallen gilashi, ta ja shi ya yi siriri, ta zuba masa rini, ta jira ya bushe. Sannan ta saka a madubin da ke ƙara girman abu, ta sunkuya.

Ya gyara zama yana jiran yabo. Yau dai Mai Tabarau zai ji da kunnensa.

Ta murɗa madubin, ta matsar da gilashin, ta sake murɗawa. Ta ciro shi, ta yi wani sabo daga ragowar jinin, ta sake sunkuyawa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Don Allah zo ka duba min wannan."

Da Mai Tabarau take. Kai! Ran makanike ya yi baƙi ƙirin. Jininsa ma sai an kira wannan ya sa baki?

Mai Tabarau ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago babu sauran fara'a a fuskarsa. Ya jawo kujera kusa, ya sassauta murya.

"Yallaɓai, kana yawan jin gajiya kwanan nan? Ko zazzaɓi mai tafiya yana dawowa?"

"Ina ruwanka da gajiyata?"

"Fararen ƙwayoyin jininka sun yi yawa ƙwarai, kuma kamarsu ba ta lafiya ba ce. Ba mu ne za mu yanke magana ba, amma ya kamata babban likita ya gan ka yau, ba gobe ba."

Makanike ya juya wajen matarsa don ta ƙaryata. Tana tsaye riƙe da bakin tebur, hawaye na zuba a kan farar rigar aikinta, ko sharewa ba ta yi. Ta tako ta kama hannunsa da hannu biyu.

Shi kuwa, Allah sarki, ka san abin da ya fara zuwa ransa? Daɗi. Ya dubi Mai Tabarau sama da ƙasa, har ya ɗan ɗaga haɓa, don ya tabbata ba ta taɓa yi wa jinin wancan kuka ba. Sai da suka kai tsakiyar bene, ta karɓi makullin motar daga hannunsa ta ce ita za ta tuƙa, sannan tsoro ya kama shi.