Ƙwandalar Baba Haladu

"Sannu-sannu, Abdou, ai ba buhun shinkafa ka ɗauko ba," in ji Baba Haladu, yana riƙe da wuyan maƙwabcin nasa ana saukowa da shi daga bene. Ƙafafun tsohon sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Asama'u, matar Abdou, ta biyo su da filo da gorar ruwa har bakin motar da za ta kai shi asibiti wankin ƙoda.

Kafin a rufe ƙofar, tsohon ya juyo da fuskarsa inda yake jin motsinta, don idon nasa saura ƙiris ya tafi gaba ɗaya. "'Yata, Walid zai zo bayan la'asar. In ya riga mu dawowa, a ba shi shayi."

Motar na shan kwana Asama'u ta ɗauki tsintsiya. Ita mace ce da ba ta iya ganin dauɗa ta ɗauke kai. A duk layin nasu na unguwar Harra ta Gabas a birnin Annabi, inda tsofaffin gidaje suka cushe a kan baƙin dutse, babu mai tukwane irin nata, har mata na tsokanarta cewa in ka cika daɗewa a ɗakinta kai ma za ta wanke ka ta shanya. To, baƙo zai shigo ɗakin tsoho mara lafiya ya tarar da shi kaca-kaca? Ai kunyar ba ta Baba ba ce, ta matan gidan ce.

Baba Haladu mutumin Bichi ne. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana share motocin ziyara a bakin masallacin Ƙiblatain, kuma a ƙarƙashin kujeru yake tsintar sulallan da suka faɗo daga aljihun alhazai, na Turkiyya, na Malesiya, na ƙasashen da bai ma iya faɗar sunansu ba. Ya cika gwangwanayen madara da su, mutane suna yi masa kallon mai ɗan taɓi. Guda ɗaya ce ba ta shiga gwangwani ba: wata ƙwandalar Amurka da suke kira kwata, wato rubu'in dala, kan wani Bature a gefe ɗaya, gaggafa a ɗaya gefen. Wani alhaji ne ya fasa sabon ƙunshi a gabansa ya ba shi ita kyauta, bai ko bari yatsa ya taɓa fuskarta ba.

Walid, Bahaushen Sudan mai shagon tsofaffin kaya, shi ya gaya masa abin da yake riƙe da shi. Irinta miliyoyi ne a duniya, wadda ta yi yawo a hannun mutane ko riyal ɗaya ba ta kai ba. Amma wadda babu ko ƙwarzane a jikinta, wadda masu tantancewa za su ba ta maki kusa da ƙoli, wannan masu tara sulalla rububinta suke yi. Wani a Jidda ya ga hotonta ya yi tayin da zai isa kuɗin jirgi da bizar umara ga Safiyyatu, 'yar Baba tilo. Rabonsa da ita tun tana tallan gyaɗa, yanzu kuwa tana da 'ya'ya nata. Likita ya ce shi ba zai iya hawa jirgi ba. Burinsa ɗaya ya rage a duniya, ta zo ya ji muryarta a ɗakin nan, ya riƙe hannunta.

Duk wannan Asama'u ta sani. Abin da ba wanda ya gaya mata, don a tsakaninsu maza suke wannan hira, shi ne ba a wanke irin wannan ƙwandala.

Ta share, ta goge fanka, ta canza zanin katifa. A kan taga ta ga ɗan akwatin roban da ƙwandalar ke ciki, ta ɗaga shi wajen haske. Ranta ya ɓaci. Gefen ƙwandalar ya yi rawaya-rawaya da wani shuɗi-shuɗi, kamar tiren da aka manta a bayan kabad.

"Haba," ta ce a ranta, "Baba ba ya gani, maza kuwa ko a jikinsu. Wa zai sayi abu da tsatsa?"

Ta yanka lemun tsami, ta barbaɗa gishiri, ta ɗauko ɗan soson da take wanke kofunan gahawa. Ta dirje gaba, ta dirje baya, ta ɗauraye, ta goge da gefen mayafinta. Ƙwandala ta fito fes, tana ɗaukar ido. Ta mayar da ita akwatin tana jin daɗi har cikin ranta, don a ganinta ita ma ta sa hannu a zuwan Safiyyatu.

Bayan la'asar Walid ya iso, ya tarar da Baba a jingine da filo, a galabaice amma fuskarsa a sake. Asama'u ta miƙo shayi ta koma bayan labulen ƙofa. Walid ya yi bismilla, ya buɗe akwatin, ya sa irin gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Ya duba. Ya juya. Ya sake dubawa.

"Yaya, Walid? Ka yi shiru," in ji Baba.

"Hasken nan bai da kyau, ya Hajj. Bari in gani a waje."

A kan matakala ya ja hannun Abdou, ya rage murya. "Ya akhi, wa ya taɓa ta?"

Asama'u ta amsa daga bayan labule, har da ɗan murmushinta. "Ni ce na ɗan goge ta. Ta yi dauɗa."

"Da me, ya Hajja?"

"Lemun tsami da gishiri kawai. Sai soso."

Walid ya cire gilashin daga idonsa, ya shafa fuska. "La haula wala ƙuwwata illa billah. Wannan launin da kika cire, shi ne shaidar cewa hannu bai taɓa ta ba. Yanzu duk jikinta layi-layi ne kamar gashi. Halas, magana ta ƙare. Mutumin Jidda ko kallonta ba zai yi ba."

"Mi kinka yi, Asama'u?" in ji Abdou, da harshensu na Maradi da ke fitowa in ransa ya tashi. "Wa ya aike ki? Mi kinka yi!"

Asama'u ta dafa bango. Ba ta taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mata wuri ɗaya irin na ranar ba.

"Ma'alesh, a yi haƙuri," in ji Walid. "Kada a gaya masa yau. Zan ce mai sayen ya yi safar, ba ya gari."

Amma bangon gidajen Harra ba ya riƙe magana. Daga ciki muryar Baba ta fito. "Ku kawo mini ita."

Abdou ya sa masa akwatin a hannu. Tsohon ya laluba ya buɗe, ya kai shi kusa da hancinsa, ya daɗe a haka.

"Lemun tsami," ya ce.

Asama'u ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, ni ce. Wallahi gyara na yi niyya."

Ya karkata akwatin, ƙwandalar ta faɗo a tafinsa, ya shiga murza ta da babban yatsa a hankali. "Shekarun nan duka muna ɗaki ɗaya da ita, ban san yadda take a hannu ba. Ashe sanyi gare ta." Sai ya juyo inda kukan ke fitowa. "Tashi, 'yata. Wanda ya yi maka wanki ai ba maƙiyinka ba ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada a gaya wa Safiyya tukuna. Ta riga ta yi fasfo."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta cire 'yan kunnenta ta kai kasuwar zinariya. Ta bi matan layi ƙofa-ƙofa, 'yan Kano, 'yan Nijar, 'yan Chadi, kowace ta kwance bakin zaninta ta ba da abin da ya samu. Walid ma ya ƙara nasa, ya kwashi gwangwanayen madarar ya saya da tsadar da shi kansa ya san ba su kai ba. Amma mutanen layin masu aikin albashi ne duka, kuma wata ya yi nisa. Abin ya kai rabi ya tsaya. Wakilin tafiye-tafiye a Kano kuwa ya ce sai kuɗi sun cika zai nemi biza.

Ciwon bai jira su ba. Baba ya daina cin abinci, kunun da Asama'u ke damawa cokali biyu yake sha ya kawar da kai. Hankalinsa ya fara zuwa yana tafiya. In ya ji ƙarar jirgi ta wuce saman unguwa sai ya ce, "Abdou, na Kano ne?" Abdou ya ce, "Ba shi ba ne, Baba, na gobe ne." Ita kuma ta fita ta tsaya a matakala, don ba ta iya jin wannan amsa.

Wata Talata da hantsi, masu sayar da iskar gas na buga tukwanensu a ƙasa, Baba ya kira sunan 'yarsa sau biyu. Asama'u ce kusa. Ya miƙo hannu yana lalube, ta rasa yadda za ta yi, ta kama. Ya matse yatsunta.

"Kin iso?" ya ce.

Ta ƙara riƙe hannun nasa. Abdou ya matso yana laƙanta masa kalmar shahada, leɓunan tsohon suka bi shi har ƙarshe, sannan hannun ya saki.

An yi masa salla a Masallacin Annabi bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Masu ta'aziyya kowa faɗi yake ya dace, mutum nawa ke roƙon Allah ya ba su kwanciya a wannan ƙasa. Asama'u tana cewa amin, kuma ta san gaskiya suka faɗa. Ta kuma san akwai abin da ya roƙa kafin kabari, bai samu ba, kuma ta san hannun da ya hana shi.

Da yamma wayar Abdou ta yi ƙara, ya duba, ya miƙa mata ya fita. Safiyyatu ce, ta bidiyo. An riga an sanar da ita tun rana, idanunta sun kumbura, wani ɗan yaro na ja mata hijabi.

"Inna, an ce ke kika yi ta jinyarsa. Allah ya saka miki da aljanna."

"Safiyya, akwai maganar da zan gaya miki game da zuwanki."

"Ki bari sai gobe, Inna, yau ba zan iya ba. Ki nuna mini ɗakinsa kawai. Ban taɓa ganin inda yake kwana ba."

Asama'u ta shiga, ta juya wayar. Ta bi bango a hankali, ta nuna ƙusar da jallabiyarsa ke rataye, da buta, da fanka, da tagar da ke kallon baƙaƙen duwatsu. Da ta iso kan katifa Safiyyatu ta ce, "Tsaya nan."

Filon na nan yadda ya bar shi, da ramin da kansa ya yi a tsakiya. Asama'u ta tsaya. Hannunta ya gaji, ta tallafe shi da ɗayan. A ƙasa ana kiran sallar magariba, daga can Bichi kuma babu abin da ke fitowa cikin wayar sai numfashi.