Yatsan Jaratu

Sau biyu direban motar Keita yana danna oda a garka, bakin ƙofar gida, amma Mahfuzu bai motsa ba. Takardu biyu ke kan tabarma. Ɗaya ta karatun lauya ce a jami'ar Tawa. Ɗayar ta sojan sama ce a Yamai, wadda ya yi shekara uku yana mafarkinta, kuma ba ta jiran komai sai dangwalen mahaifiyarsa kafin a rufe karɓa gobe.

"Miƙo ta jirgin," in ji mahaifiyar, Jaratu. "Mi kake jira?"

"Inna, shari'ar gona fa?"

"Ran Alhamis za a yanke ta. Karatunka shekara nawa ne? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ta fi yi masa ciwo. Gonar nan fako ce da ko akuya ba ta kallo. Jaratu ta yi shekara goma sha ɗaya tana jera duwatsu don tare ruwa, har gero ya tsaya. Aikin ya yi nisa kafin mai filin ya ba ta shi kyauta a rubuce, ta dangwala. Da ƙasa ta yi kyau sai ga ɗan mai filin, wai dangwalen da ke takardar kyautar ba na kowa ba ne, dabbaren tawada ne kawai. Mahfuzu ya sha rantsuwa cewa sharri ne.

Ta shafa tawada a babban yatsa, ta danna da ƙarfi kamar mai dasa iri.

Ya ɗaga takardar ya duba. Baƙin tabo ne sumul, babu zane ko ɗaya. Ya kamo hannunta ya juya. Dutse ya cinye layukan yatsan tas, ya bar fata kamar bayan ludayi. Ashe mutumin bai yi ƙarya ba, dabbare ne, amma na yatsanta ne, kuma duk zaman da aka yi gaban alƙali ba wanda ya ce ta buɗe hannunta, har shi ɗan da ta haifa. Kunya ta rufe shi.

"Bai hito ba? Kawo in sake."

"Ya isa, Inna."

"In ka hau sama ka duba, jerin duwatsuna na nan ko gonar ta zama ta wani."

Oda ta uku ta tashi. Yaron mota ya leƙo yana haki. "Ɗalibi, Yamai ko Tawa?"

"Ku tahi," Mahfuzu ya ce. "Ina da magana da alƙali ran Alhamis."

Har ƙarar motar ta ɓace bai saki yatsan ba.