Gwangwanin Abincin Tukupi

Dona Zenaide, wato Uwargida Zenaide, ta ɓamɓare murfin gwangwanin abincin kyanwa da babban yatsanta, ta zare ɗan icen shanya da ta maƙale bakin ledar da shi, ta warware naɗin a hankali, sannan ta cusa hancinta ciki ta lumshe ido.

"Mama, yau ma?" in ji 'yarta Valdete daga ƙofar ɗaki. Ta riga ta sa farar rigarta ta kantin magani, tana lalube makulli a jaka.

Zenaide ta sake shaƙa. Ƙamshin kifin yana nan, amma can ƙarƙashinsa ta jiyo wani abu kamar warin man suya da ya kwana a kasko. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murƙushe ta tsakanin yatsu. Ƙwayar ta ce ƙaras, sai dai ba da ƙarfin da ta saba ba.

"Da sauransa," ta ce.

"Mun yi alkawari fa. Kin ce ran da abincin nan ya juya, kin haƙura da neman kyanwar nan."

"Na ce ran da ya juya. Bai juya ba tukuna, waiwaye yake yi."

Valdete ta yi dariya ba da son ranta ba, ta zo ta sumbaci kan uwarta. "Wancan karon da gwiwa a fashe kika dawo. In kika sake zamewa a kan katakon nan kika faɗa ruwa, wa zai tsamo ki? Muzurun? Mama, don Allah, yau ta zama ta ƙarshe. Ki dawo kafin ruwa."

"Kafin ruwa," in ji Zenaide.

Ledar nan, da safiyar ranar ƙaura ta buɗe ta. Ranar da aka tashi unguwarsu ta gidajen katako don a faɗaɗa magudanar ruwa, ta zuba wa muzurunta Tukupi abinci, ya ci, ta sa shi a kwando. Motar kaya na tashi ya ture murfin ya dira, ya shige ƙarƙashin gadojin katako, inda ko yaro ba ya iya bi. Muzuru ne ruwan ɗorawa, launin tukupi, romon rogon da aka sa masa sunansa, kunnensa ɗaya a yage. Marigayi mijinta, Aristides, shi ya zo da shi cikin hula daga kasuwar kifi tun yana ɗan mitsitsi, ya ce, "Ga mai gadi na kawo miki." Mai gadin ya tashi da tsirfa irin ta 'ya'yan masu kuɗi. In abinci ya sha iska, sai ya shinshina, ya dube ta sama da ƙasa, ya juya mata baya.

A birninsu na Belem kuwa, da damina, komai aka buɗe sai ya yi laushi. Gishiri yakan yi hawaye a kwalba, takalmi ya tsiro da gemun funfuna a ƙarƙashin gado. Shi ya sa Zenaide ta riƙe ledar nan kamar mai jinyar jariri. Ba ta taɓa juye abincin tsirara a gwangwani ba, don maiƙonsa yakan manne a jikin ƙarfe ya lalace, ya ɓata na sama. A ledarsa take barinsa. Ta matse iskar da tafin hannu, ta naɗe bakin, ta maƙale, ta danna murfin har ya yi ƙara, ta ɗora a kantar da ke nesa da murhu da taga. A ranta, muddin abincin yana da ƙamshi, Tukupi yana raye a wani wuri yana jin yunwa.

Ta sauko daga benen da suka koma da zama, gwangwani a hammata, kwando a hannu, ta hau bas.

Bas ɗin ya bi ta ƙarƙashin manyan itatuwan mangwaro da suka haɗe kai a saman titi, haske yana ɗiga ta tsakanin ganye yana gudu a kan cinyarta. Zafi da rurin inji suka yi mata lilo. Ta ga kanta a tsohon gidanta, ruwa ya cika ya zo har ƙarƙashin daɓen katako yana lasar ginshiƙai, Aristides na zaune a baranda yana ɗinkin koma, muzurun ya miƙe a kan komar ya hana shi aiki. Ta ji yana cewa, "Zena, zo ki ɗauke maigidanki." Ta buɗe baki za ta amsa, sai wani mangwaro ya faɗo kan rufin bas ɗin, tim, fasinjoji suka kwashe da dariya, ta farka.

Inda unguwar take a da, yanzu jan laka ne shimfiɗe, da motocin haƙa da suka yi shiru don masu aiki sun tafi cin abinci. Ungulaye sun jeru a kan tulin tsofaffin katakai suna shanya fukafukai. Ta gane wurin madafarta da kututturen gwaibar da ta shuka. Ta tsaya a nan, daidai inda ta saba tsayawa, ta girgiza gwangwanin.

Kacau-kacau. Kacau-kacau.

Ƙarar ta bi saman ruwan magudanar ta tafi, ta dawo mata siririya. Wata ramammiyar kyanwa baƙa ta leƙo daga cikin wani bututu. Zenaide ta jefa mata 'yan ƙwayoyi, ta rufe ledar da sauri kada iska ta shiga. Ta ci gaba da tafiya a gefen ruwan tana girgizawa tana kira, har muryarta ta dushe. Ba ta lura sama ta haɗe ba sai da iska mai sanyi ta taso daga kogi, ɗigon farko ya faɗo mata a wuya.

Babu mafaka a wannan gefen. Ta rungume gwangwanin a ƙirji, ta haye wata gadar katako da ba ta taɓa bi ba, zuwa tsallaken da ba a rushe ba, ta raɓe a ƙarƙashin rumfar wani shuɗin gida. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya shafe tsallaken da ta baro, kamar ba a taɓa yin wata unguwa a can ba. Ta ɗaga gwangwanin don ta share shi da gefen riga, abincin ya motsa a ciki.

Daga cikin gidan wata murya ta amsa, doguwa, mai ƙorafi, irin ta wanda aka daɗe ana sa shi jira.

Ta matsa bakin ƙofar. Ta tafa hannu. "Masu gida! Gafaranku dai!"

Wani dattijo gajere ya buɗe ƙofa, babu riga, cokali a hannunsa. "Shigo, Dona, shigo, kada ki narke. Firmino nake. Wa kike nema?"

Ta leƙa ciki. Wani abu ruwan ɗorawa ya wuce ta tsakanin ƙafafun mutumin kamar kibiya, ya zo yana goga kai a ƙaurinta, yana zagaye ta, yana gurnani kamar ƙaramin injin kwalekwale. Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo. Kunnen a yage, ga shi nan. Ya rame kaɗan, gashinsa yana warin hayaƙin gidan wasu.

"Ɗan banza," ta ce, hawaye na zuba. "Ɗan banza mara mutunci. Ina ka shiga?"

"Af," in ji Seu Firmino, wato Malam Firmino, a hankali. "Ashe Likita yana da uwa."

"Tukupi sunansa."

"To, mu bai gaya mana ba."

Sai a lokacin ta ji wani sauti daga cikin ɗakin, kamar mai son yin magana da baki cike da ruwa. A cikin ragar lilo da aka ɗaura kusa da taga, wata tsohuwa ce kwance, ɓarin fuskarta ɗaya ya zube, hannunta na dama a kan ciki kamar ba nata ba. Ɗayan hannun yana lalube a wurin da muzurun ya tashi, inda zanen ya lotsa.

"Matata ce, Odete," in ji Firmino. "Ɓarin jikinta ya shanye tun kafin damina. Da muka dawo daga asibiti ko kallona ba ta yi, ni da na aure ta tun ina da gashi. Sai ga wannan ya shigo ta taga wata rana, a jiƙe, ya haye ya kwanta a kan mataccen hannun nan kamar an aiko shi. Bayan 'yan kwanaki na ga yatsunta suna motsi a cikin gashinsa. Kalmar farko da ta fito daga bakinta, ba sunana ba ne. Cewa ta yi, 'Ba shi.' Wai in ba shi kifina."

"Kifi kuke ba shi?"

"Kan kifi, in an samu. Na sayo masa irin abincin nan nasu, ya ƙi. Na ce ko jinin sarauta ne."

Ya nuna mata da cokalin. A ƙasa, dab da murhu, wata leda ce hangame da baki, kiyashi sun yi layi suna shiga suna fita. Zenaide ta taɓa abincin, ya lotsa a yatsanta kamar burodin da ya sha ruwa, wani ɓangaren har ya yi fari-fari.

"Haba, Seu Firmino! Wannan ko ungulu sai ta yi tunani. A ƙasa? Kusa da wuta? Baki a buɗe, da daminar nan?"

"Ni kafintan jirgi ne, Dona. Na san yadda ake hana ruwa shiga kwalekwale, ban san yadda ake hana shi shiga abincin kyanwa ba."

"Zubar da shi. Kada ma kaji su gani."

Ta nemi busasshen faranti, ta buɗe gwangwaninta, ta zuba. Tukupi ya shinshina. Ya daɗe yana shinshinawa, har ta riƙe numfashi. Sannan ya sunkuya ya fara ci, ƙaras-ƙaras, ƙarar ta cika ɗakin tare da ta ruwan da ke dukan kwano. Zenaide ta zauna a kan wani benci tana kallonsa. Ɗakin yana ƙamshin kofi da jiƙaƙƙen katako, ruwa yana lasar ginshiƙai a ƙarƙashin daɓe, har ta ji kamar in ta waiwaya za ta ga koma a rataye a baranda.

Da ya cinye, ya lashe baki, ya zo ya hau cinyarta ya tattaka ta da ƙafafunsa na gaba, kamar yadda ya saba. Ta buɗe murfin kwandon da ƙafarta. Firmino ya ga kwandon, ya kawar da kai wajen taga.

"Naki ne, Dona," ya ce. "Ba mu da ta cewa. Mun gode da aron da ba ki san kin ba mu ba."

Odete ta ɗan juyo da kai. Idonta mai lafiya yana kan kwandon. Hannun nan nata na dama ya ɗan ja a kan zane, yatsun suka buɗe, suka tsaya a buɗe.

Tukupi ya yi hamma, ya dira daga cinyar Zenaide, ya ratsa ɗakin ba gaggawa, ya yi tsalle cikin ragar. Ya juya, ya juya, ya kwanta a kan hannun. Yatsun suka rufe a kan wuyansa a hankali.

Zenaide ta daɗe tana kallon su. Ruwan ya fara tsagaitawa.

"Seu Firmino," ta ce, "ajiye cokalin nan ka zo. Ba zan maimaita ba." Ta ɗora ledar a kan tebur. "Ka matse iskar, haka. Ka naɗe. A'a, ba kamar tabarma ba, da ƙarfi. Ka maƙale. Ledar cikin gwangwani, gwangwani a kan kanta. Kada ka sa jiƙaƙƙen hannu. Wannan ya kusa juyawa, in ya ƙare kada ka sayo babba don araha, ƙarama za ka saya. Kuma kada ka zuba sabo a kan tsoho."

"Wace iri zan saya? Duk hoton kyanwa ne a jikinsu."

"Bari, ba za ka iya ba. Ni zan kawo ran Lahadi."

Ta je bakin ragar ta shafa kan muzurun, ta shafa bayan hannun da ke riƙe da shi. Odete ta motsa leɓe, ta yi ta kokawa da kalmar har ta fito.

"Kofi."

"Ran Lahadi, 'yar'uwa," in ji Zenaide. "Ki sa shi ya dafa mai kyau."

A waje rana ta sake fitowa, tururi yana tashi daga katakon gadar. Tana tsakiyar gadar, kwandon yana lilo a hannunta ba nauyi, wayarta ta yi ƙara.

"Mama, kina ina? Ruwan ya same ki?" in ji Valdete. "Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"Kai! Da gaske? Yana cikin kwandon?"

Zenaide ta waiwaya. Ta tagar shuɗin gidan ana hango gefen ragar tana ɗan motsi.

"A'a," ta ce. "Ya sami aiki."