Baƙi Goma Sha Biyu a Kwamfutar Kawu

"A hankali, ɗiyata, a hankali! Ba buhun siminti kika ɗauko ba!"

Kawu ne ke faɗa. Ya biyo ta daga ƙofar shagonsa na buga takardu har bakin titi, hannuwansa biyu a ƙarƙashin kwamfutar kamar mai tsoron jariri ya suɓuce. Ɗiyar yayarsa, wadda kowa ke kira Injiniya, ta rungume akwatin ƙarfen a ƙirjinta, wayar wuta tana jan ƙasa a bayanta. Shekara goma sha shida kwamfutar nan ta yi a ƙarƙashin teburinsa, ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa waje ba.

"Takardun mutane suna ciki fa. Na neman aiki, na sayen fili, har da wasiƙar wani da ke neman sulhu da surukinsa."

"Kawu, na cire maka ma'ajiyar takardun, tana cikin durowarka. Ƙwaƙwalwarta kawai nake so ta ara mini."

"To ki dawo mini da ita da hankalinta."

Bas ta tsaya, ta shiga da ƙyar, ta ɗora kwamfutar a cinya. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta dubi akwatin, ta dube ta.

"Ba ta da lafiya ne, 'yar nan?"

"Lafiyarta ƙalau, Iya. Shaida za ta je bayarwa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta matsa ta ba su wuri.

Ba wasa Injiniya ta yi ba. Ofishinsu yana cikin masu kula da kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda dubban mutane a ƙasashe daban-daban suke rubutawa tare, kowa kuma ya ɗauka kyauta. Ita tana aiki a sashen da ke bai wa kwamfuta ɗaya damar ɗaukar wasu kwamfutoci a cikinta, kowacce tana ganin ita kaɗai ce a duniya. A bakin masu sana'ar, babbar ita ce mai masauki, na cikinta kuma baƙi.

Wata biyu ke nan baƙi suna sandarewa a kan tsofaffin kwamfutoci, ba wanda ya san dalili. Babban mai kula da sashen, wani mutum da ke can wata ƙasa wanda kowa ke kira Dattijo, ya rubuta a taƙaice kamar yadda ya saba: idan ba a kawo gyaran da aka gwada a kan tsohuwar na'ura ta gaske ba kafin ya rufe karɓar gyare-gyare, zai cire tallafin tsofaffin gaba ɗaya. A agogon garin su Injiniya, wa'adin zai cika ƙarfe huɗu na yammacin yau.

Da ba don wata malamar makaranta ba, da Injiniya ma ta bar maganar. Malamar ta rubuto cewa kwamfuta ɗaya tak makarantarsu ke da ita, tsohuwa, ita ta raba ta gida goma sha biyu, ɗalibai ashirin da huɗu suna zama bibbiyu. Ba ta roƙi kowa ba. Ta dai tambaya: "Idan an cire, me zan gaya musu?" Mako uku Injiniya ta yi tana rubuta faci, sunan da suke kiran ƙaramin gyara. Abin gwaji ne ya gagara, sai jiya da ta kai wa Kawu saƙon Mama ta hango akwatin nan kusa da ƙafarsa.

A ofis, abokin aikinta da ake kira Sarkin Gardama ya ɗago daga kofin shayinsa ya fashe da dariya.

"Ikon Allah! Daga gidan tarihi kike?"

"Matso da kayanka, ka ba babba wuri."

"Ni dai na faɗa, na kuma rubuta. A cire. Layi dubu uku na manhaja muke goye da su saboda na'urorin da ya kamata a ce an yi musu ritaya."

Yana faɗa yana share mata tebur. Shi ya miƙo sukundireba, shi ya riƙe murfin da ta buɗe. Ƙurar da ta taso ta sa shi atishawa sau huɗu a jere, sakatariya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Fankar ciki ta ƙi juyawa, sai da ya kaɗa ta da yatsa, sannan ta kama da ƙara kamar keken ɗinki.

Ƙarfe goma sha ɗaya Injiniya ta ɗora sabon kanel mai ɗauke da facinta. Ta tayar da baƙo na farko, ya tashi. Na biyu, na uku, har goma sha biyu, daidai da na malamar. Ƙananan tagogi suka jeru a allo, kowanne da agogonsa yana tafiya. Ta jingina da kujera, ta ji kafaɗunta sun sauka.

Minti bakwai aka yi, agogon baƙo na tara ya tsaya cak. Bayan kaɗan na huɗu ya bi shi.

"Wash," in ji Sarkin Gardama, kuma ba da dariya ya faɗa ba.

Ta sake gwadawa, abin ya sake faruwa. Ta sake, wannan karon na biyu ne ya sandare. Wayarta ta yi ƙara, Kawu ne.

"Ɗiyata, tana aiki?"

"Tana yi, Kawu. Ni ce ban yi ba."

"Wai me kike mata ne?"

"Faci."

Ya ce, "Faci? Duk karatun nan da Yaya ta sa ki, ashe faci kika koyo? Da kin faɗa ai da na haɗa ki da mai facin bakin tasha, shi ba ya ɗaukar awa uku."

Ta yi dariya har ta share hawaye, dariyar kuma ta ɗan sassauta mata ƙirji. Ta ajiye wayar, ta jawo farar takarda.

Ta san inda ciwon yake. Idan baƙo ba shi da aikin yi, sai ya kwanta, mai masauki kuma ya tashe shi idan saƙo ya zo. Sababbin na'urori da kansu suke tashin baƙo. A tsofaffi kuwa, sai kanel ya duba ko akwai saƙo, sannan ya bari baƙon ya kwanta. Idan saƙo ya faɗo a ɗan tsakanin dubawa da kwanciya, ya ɓace ke nan, baƙo ya yi ta barci ba mai tashinsa. Facinta ya toshe wannan kafar. To ta ina kuma saƙon ke zurarewa?

Ta yi sallar azahar, ta dawo, ta ci biskit biyu a tsaye. Ƙarfe biyu da rabi tana bin tarihin gyare-gyaren sashen, ɗaya bayan ɗaya, idanunta sun yi ja. Sarkin Gardama ya daɗe da barin nasa aikin. Ya jawo kujera ya zauna a gefenta, kuma tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi shiru haka ba.

"Koma baya," ya ce. "Wancan. Buɗe shi."

Wani gyara ne na wata uku da suka wuce, mai taken share-share. An haɗe hanyoyi biyu na kwantar da baƙo zuwa ɗaya, a wurin haɗewar kuma an bar wata ƙaramar hanya ta gefe da ba ta duba saƙo ko kaɗan. Injiniya ta kai idonta kan sunan wanda ya rubuta. Ta juyo a hankali.

Sarkin Gardama ya sosa ƙeya. "Ya yi kyau a ido fa, lokacin."

"Kai ne ka ce a cire su saboda sun tsufa."

"Na ce."

"Alhali kai ka sa musu ƙafa."

"Yaya, ki rufa mini asiri, ƙarfe uku ta kusa."

Bai taɓa ce mata Yaya ba. Ta ture masa kibod. "Rubuta da hannunka."

Layi biyu ne kacal. Ya rubuta, ta duba, ta sa ya gyara wani harafi. Tsohuwar kwamfutar ta ɗauki minti ashirin tana haɗa kanel, fankarta na kuka, su biyun sun zuba mata ido. Baƙi goma sha biyu suka sake tashi. Minti bakwai ya wuce. Minti goma. Sakatariya ta shigo ta tsaya a bayansu, mai gadi ma ya leƙo, ko da yake bai san abin da ake kallo ba. A minti na talatin agogo goma sha biyu suna tafiya tare, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Huɗu saura kwata Injiniya ta aika wa Dattijo gyaran, da sunayensu biyu a ƙasa, da sakamakon gwajin. Sarkin Gardama ya ƙara layi ɗaya da kansa: kuskuren nawa ne.

Amsar Dattijo ta zo huɗu saura minti uku. "An karɓa. Tallafin ya zauna." Ofis ya kaure da tafi, mai gadi ya fi kowa. Sai da hayaniyar ta lafa ta ga akwai saura a ƙasa. "Shekara tara ina neman wanda ya damu da wannan ɓangaren. Na sa sunanki a jerin masu kula. Daga yau duk ƙorafinsa gare ki zai zo. Idan ba kya so, ki faɗa kafin gobe."

Ta karanta sau uku. Ta tura wa malamar makarantar labari, kafin ta ajiye waya amsa ta dawo: hoton wani ɗaki mai dogon benci, hannuwa a sama ko'ina, wasu fuskokin ma sun dushe saboda tsalle. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fita baranda ta kira mahaifiyarta.

"Mama, an ba ni muƙami."

"Alhamdulillahi! Sabon ofis za su ba ki?"

"A'a."

"Mota?"

"A'a, Mama. Duk wanda abin ya lalace masa a duniya, ni zai nema."

Mama ta ce, "To ai wannan tun kina 'yar shekara goma kike yi a gidan nan. Allah ya taya ki riƙo."

Ta koma ciki tana murmushi, ta zauna, ta rubuta wa Dattijo kalma biyu: na karɓa. Ba ta gama ɗauke hannu daga kibod ba sabon imel ya faɗo, ƙorafi na farko zuwa ga sabuwar mai kula. Shafi biyu ne, da lambobi ɗaya zuwa bakwai, yana bayanin cewa sashen nan a hargitse yake kuma yana buƙatar share-share. Ta dubi sunan mai aikowa, ta dubi teburin da ke gefenta. Sarkin Gardama yana kurɓar shayinsa da ya huce, idonsa a kan allo, fuskarsa ba alamar komai.

"Ranki ya daɗe," ya ce, bai juyo ba, "yaushe za a duba ƙorafina?"

Ta buɗe sabuwar jaka a imel ɗinta, ta jefa saƙon a ciki.

"Malam, ka bi layi."